Tambayi Injiniya: Mota Nawa Filin Zai Ɗauka, Kuma Ta Ina Ruwa Zai Bi?

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na ware wannan watan, dukkansu a kan wurin ajiye mota ne, wanda mu a nan Saudiyya muka saba kira maukif. Na haura shekara ashirin ina aikin injiniyan gine-gine a Jidda, kuma har yau ban ga ɓangaren gini da ake rainawa kamarsa ba. Sai an gama rabon ɗakuna da shaguna, abin da ya rage a ce na motoci ne.

Tambaya ta farko, daga wani dattijo a gabashin Jidda:

"Injiniya, ina cikin masu kula da masallacin unguwarmu. Yawancinmu nan muka dawo bayan rusau ɗin 2022, wasu daga Gulel, wasu daga Karantina da Sabil. Wani bawan Allah ya yi waƙafin fili a jikin masallacin, mita 20 ta fuskar titi, mita 30 zuwa ciki, domin masallata su daina tare wa mutane ƙofa. Ɗan kwangila ya ce cikin kwana uku zai zuba kwalta, ya ja layi, mota 35 ta shiga. Kuɗin jama'a ne a hannuna. Mu ba shi aikin?"

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka wa mai waƙafin da alheri. Kada ku ba shi tukuna. Filinku ba zai ɗauki mota 35 ba, sai dai in an yarda wanda ya fara shiga shi ne zai fita a ƙarshe.

Mu yi lissafin tare. Filin murabba'in mita 600 ne. Gurbin mota guda, a awon da muke aiki da shi, faɗinsa mita 2.5, tsawonsa mita 5.5. Wanda ya tsaya nan zai ga kamar fili ya yi yawa. Amma mota ba daga sama take saukowa cikin gurbinta ba. Tana buƙatar hanyar da za ta bi, da inda za ta karya kwana, da inda za ta yi ribas. In aka haɗa wannan duka, kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. A raba 600 da wannan, amsar tana tsakanin 20 da 24. Mota 35 kuwa na nufin kowacce ta samu kusan 17 kacal, alhali gurbin shi kaɗai ya kusa cinye 14. Abin da ɗan kwangilar ya zubar a lissafinsa shi ne hanyar tsakiya, ita ce kuwa ran wurin.

Ga yadda zan shimfiɗa shi da a hannuna yake. Ƙofa a tsakiyar fuskar titi. Layi ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowanne mita 5.5, ya zama 11. Hanyar tsakiya mita 7, domin ta nan za a shiga, ta nan za a fita, kuma motocin a miƙe za su tsaya ba a karkace ba. Ya zama 18. Saura mita 2, a bar su ta ɓangaren masallaci su zama hanyar ƙafa, don kada tsoho ya fito daga mota ya riƙa ratsawa ta bayan masu ribas. A tsawon mita 30 kuma, a bar kamar mita 2 a bakin titi domin mai fitowa ya ga abin da ke zuwa, a bar mita ɗaya da rabi a can ƙurya domin motar ƙarshe ta samu inda za ta jefa bayanta. Gurbi biyu mafi kusa da ƙofar masallaci, ɗaya a kowane layi, na masu keken guragu ne da marasa ƙarfi, a faɗaɗa kowanne zuwa mita 3.6, a yi musu alama a ƙasa da a jikin allo, a kwantar da dakalin gabansu yadda keke zai hau. Mai lafiyar da ya tsaya a irin wannan gurbi tararsa a dokar murur, wato 'yan sandan hanya, riyal 500 ce zuwa 900. In aka cire duk wannan, kowane layi ya ɗauki goma. Mota 20 ke nan.

Ni da za ku bi tawa, da kun faɗaɗa gurbin zuwa mita 2.7 kun haƙura da 18. Dubi motocin da ke ƙofar masallacinku. Land Cruiser faɗinta ya kusa mita 2, ban da madubin gefe. In biyu suka jeru a gurbin mita 2.5, abin da ke tsakaninsu rabin mita ne. Saurayi zai matse ya fita. Dattijo mai ciwon gwiwa, wanda sai ya buɗe ƙofa sosai ya sauko da ƙafa ɗaya ya dafa, ba zai iya ba. In kuwa aka tsuke gurbin zuwa 2.2 don a ƙara yawa, tazarar ta koma taƙi guda. Suburban ma tsawonta ya haura mita 5.5, dole bayanta ya leƙo hanya, wanda shi ma dalili ne na kada a taɓa mita bakwai ɗin nan.

Gani ya kori ji, Baba. Ku sayi igiya da buhun farar ƙasa, bayan la'asar yara su ja layin ɗan kwangila a rabin filin, su ja nawa a ɗaya rabin. Ku kawo motoci huɗu mafi girma a unguwa, ku ba wanda ya fi kowa tsufa cikin masu tuƙi ya shiga ya fita. Na sha yin haka da masu gini. Da zarar mutum ya yi gaba da baya sau huɗu yana murza sitiyari, gumi na karyo masa, musu ya ƙare.

Na san abin da jama'a za su ce: mota 20 me za ta yi ranar Juma'a? Gaskiya ne, ba za ta ishi Juma'a ba, 35 ɗin ma ba za ta isa ba. Amma za ta ishi salloli biyar, kuma ranar Juma'a za ta ishi tsofaffi da masu lalura in aka ware musu ita. Sannan ranar da wani ya yanke jiki ya faɗi a sahu, ko aka kawo gawa, hanyar tsakiyar nan ce za ta bar motar asibiti ta iso har bakin ƙofa.

Kafin a sa diga a ƙasa, akwai takarda. Ku ɗauki sakk ɗin filin, wato takardar mallakarsa, da kurukinsa, wato taswirar iyakokinsa, ku je ofishin injiniyoyi mai rajista, shi zai zana ya shigar da neman izini ta Baladi, shafin intanet na baladiyoyi, wato hukumomin birane, Amanar Jidda, hukumar da ke kula da birnin, ta duba. Ma'aikatar kula da baladiyoyi tana da sharuɗɗanta na wuraren ajiye motoci, ga kuma kundin ƙa'idojin gini na Saudiyya, kuma abin da aka rubuta a izininku shi ne ke kanku, ya dace da awona ko ya fi shi tsauri. Su ne za su ce ga inda za a yanka dakalin titi a yi ƙofa, domin ba a yarda ƙofa ta matso mahaɗar tituna ba. Tun da waƙafi ne a jikin masallaci, ku sanar da hukumar da ke kula da masallacin tun yanzu. Wanda ya ce kwana uku bai sa wannan a lissafinsa ba.

Sai abin da ke ƙarƙashi, wanda ido ba ya gani. Filaye da yawa a wannan yankin an cike su da ɓaraguzan gini da shara. In aka zuba kwalta a kai, wata shida ta lotsa, kowane gurbi ya zama kwano. A kwashe wannan tarkace har a tarar da ƙasa ta gari. In za a yi ciko, a yi shi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 20, a jiƙa, rola ta danne. Ku rubuta a yarjejeniya cewa sai ɗakin gwaji ya auna dannewar ta kai kashi 95 cikin 100 kafin a ci gaba, kuɗin gwajin bai kai na gyaran gurbi ɗaya ba. A kai a shimfiɗa fasasshen dutse santimita 15 zuwa 20, shi ma a danne, a fesa man da ke riƙe kwalta, sannan kwalta santimita 5. Ku kula da wannan: santimita 5 bayan rola ta bi, ba kafin ta bi ba. A nan ake cin mutane.

Ni a ƙaramin fili irin naku na fi son intalok, wato ƙananan bulon daɓe masu shiga juna. Mai da gas da ke ɗiga daga tsofaffin motoci suna narkar da kwalta, kuma a zafin Jidda in aka murza taya a tsaye sai ka ga ta yaye fuskarta. Intalok kuwa in bututu ya fashe a ƙasa, a ɗaga, a gyara, a mayar. Sharaɗi dai ya zama mai kaurin santimita 8. Mai 6 na hanyar ƙafa ne, ya fi araha, kuma shi za a kawo muku in ba ku auna ba. A ɗaure gefensa da dakalin kankare, in ba haka ba zai riƙa buɗewa. A gaban kowane gurbi a kafa abin tare taya, kada wata rana wani ya taka totur a maimakon birki ya shiga bangon masallaci.

Ruwa kuma, ba mutumin Jidda zan ba labarinsa ba. Ranar Alhamis 24 ga Nuwamba 2022 an auna kusan milimita 179 a kudancin birnin cikin sa'o'i shida. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan irin wannan ruwa a filinku ya haura lita dubu 107, fiye da tankar ruwa biyar masu ɗaukar lita dubu 20. Yau ƙasa tana shan wani abu daga ciki. Ranar da kuka rufe ta, kusan duka zai gudu, kuma zai bi inda kuka karkata filin ko ba ku sani ba. A ba shi gangara ta santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita, wato kusan rabin mita daga ƙurya zuwa ƙofa, ya nufi titi ko magudanar da Amana ta nuna. Kada ya nufi katangar maƙwabci, kada ya nufi masallaci, kada kuma a sake shi cikin bayyara, ramin bayan gida, domin zai cika ta ta yi ambaliya da abin da ke cikinta. Daɓen masallaci ya fi filin tudu, filin ya fi titi tudu kaɗan.

Inuwa in kuɗi ya rage. Ginshiƙan rumfa su tsaya a kan layin da ke raba gurabe ta can gaba, ba inda ƙofar mota ke buɗewa ba, kuma kada rumfar ta leƙa waje da iyakar filin. In itace za ku dasa, darbejiya irin ta Arafa tana jure wa zafinmu. Ku guji bazromiya, saiwarta tana bin bututu da tankin ƙasa. Fitila kuwa ba a jira ragowar kuɗi, saboda asuba da isha.

Tambaya ta biyu, daga wata baiwar Allah a Makka:

"Ina haya a wata imara, wato gidan bene, da ke kan tudu. Tun 2018 da aka ba mata damar tuƙi nake da 'yar motata. Maukif ɗinmu a badrum yake, ƙarƙashin ƙasa. Duk shiga da fita sai ƙasan motar ya gurji siminti, har salansa ta taɓa ɓallewa. Mai gidan ya ce rashin iya tuƙina ne. Haka ne?"

Hajiya, ina kyautata zaton ba laifinki ba ne, kuma za ki iya tabbatarwa da kanki. Ki samu katako miƙaƙƙe mai tsawon mita ɗaya. A tsakiyar gangarar, ki ɗora kansa ɗaya a ƙasa ta ɓangaren sama, ki ɗaga ɗaya kan har ya daidaita, wani ya auna tazarar da ke ƙarƙashinsa. In ta wuce santimita 15, gangarar ta yi tsini. Badrum mai zurfin mita 3 yana buƙatar gangara ta kusan mita 20. A Makka fili yana da tsada, ga duwatsu, sai a cusa ta cikin mita 12 ko 13.

Gurzar kanta a wuri biyu take faruwa: a sama inda cikin mota ke taɓa ƙasa, da a ƙasa inda bamba ke dukan daɓe. Dalili shi ne an haɗa gangara da shimfiɗaɗɗen wuri kai tsaye. Ya kamata a sama da ƙasa a yi sassauci na mita uku zuwa huɗu, mai rabin tsinin gangarar, domin mota ta shiga a hankali. Na ƙasan ana iya gyara shi ba tare da an rushe komai ba, a zuba kankare a cike kusurwar, muddin injiniya ya auna ya ga rufin bai yi ƙasa da yawa ga manyan motoci ba. Na saman ya fi wuya, yana iya buƙatar fasawa. Kafin a gyara, ki sauke mutane da kaya masu nauyi a waje, ki shiga a hankali, ki ɗan karkata motar in akwai faɗi yadda tayoyin gaba ba za su faɗa lokaci guda ba.

Abin da ya fi damuna da salansarki shi ne bakin fita. A gangara mai tsini dole ki ba mota wuta, hancinta yana kallon sama, ba ki ganin yaron da ke wucewa a bakin ƙofa. Ya kamata a samu shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon mota guda a sama kafin a kai hanyar mutane. In babu, ki roƙi mai gidan ya kafa madubi mai kumburi a ƙofar. Ba shi da tsada.

Sannan ki duba min abu uku. A bakin gangarar akwai ɗan tudun da ya fi titi? Akwai lambatu mai murfin ƙarfe da ya ratsa faɗinta? A can ƙasa akwai rami da injin zuƙe ruwa guda biyu, kuma suna aiki? Ina tambaya ne saboda abin da ya same ni. A 2009 na sa hannu a kan wani badrum a Jidda da bakin gangararsa ya yi daidai da titi. Na ga haka, mai ginin yana gaggawa, na ce ai ruwa ba ya yawa a garin nan. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba, 8 ga Zulhajji, alhazai suna Mina, aka yi ruwan da ya ci rayuka sama da ɗari a Jidda. Bayan kwana biyu na sauka badrum ɗin da tocila. Laka ta kai ƙauri, shatin ruwa a bango ya wuce kaina, motoci bakwai sun cakuɗe a kusurwa ɗaya kamar an share su da tsintsiya. A gefe akwai ɗan ɗakin da mai gadi ke kwana, katifarsa tana manne a saman kabad. Allah ya sa ya tafi aikin Hajji a daren da ya gabaci ranar ruwan. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu a badrum da ba shi da tudu da lambatu da inji biyu ba, kuma ban ƙara yarda a kwantar da mutum a ciki ba. Makka kuwa ruwanta daga kan duwatsu yake gangarowa da gudu. In kika ga hadari ya haɗu sosai, ki fito da motar tun da wuri, in kuma ruwa ya riga ya fara shiga, ki bar ta. Kada kuma ki bar inji yana aiki a can ƙasa kina jiran yara, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Ki fara kai wa mai gidan awon cikin mutunci, tare da sauran 'yan haya. In ya ƙi saurare, lambar ƙorafin baladiyya 940 ce.

Tambaya ta uku, daga wani matashi a Madina:

"Mahaifinmu ya bar mana imara mai shugga shida, wato sassan haya shida, da gurbin mota shida a ƙasa. Ina so in toshe biyu da bulo in yi ɗakin haya. Masu motocin sai su tsaya a titi, zan sa sarƙa in kama musu wuri."

Allah ya ji ƙan mahaifinku. Ƙanena, kada ka yi. Gurabe shidan nan suna cikin izinin da aka ba ginin, da su aka yarda a yi shugga shida. Mayar da su ɗaki saɓa wa izini ne, akwai tara, kuma za a sa ka rushe da kuɗinka. Sarƙa a titi ma laifi ce, domin titin ba naka ba ne, ba na ɗan hayarka ba ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi umarni a ba hanya haƙƙinta. Motoci biyun da za ka fitar ba ɓacewa za su yi ba, ƙofar maƙwabcinka za su koma, ko su tsuke lungun yadda motar 'yan kwana-kwana ba za ta shiga ba. Ka tuna kuma gado ne, in tara ta zo ba kai kaɗai za ta ci ba, har da 'yan'uwanka mata.

In ƙarin kuɗin shiga kuke nema, ka ɗauki izinin ginin da zanensa ka kai ofishin injiniyoyi su duba ko tsarin unguwarku ya ba da damar ƙara mulhak, wato ɗan ɗakin ƙari, a saman bene. In ya bayar, za su gaya maka ko ginshiƙan za su ɗauka, da ko sai an samar wa sabon ɗakin nasa gurbin motar.